Labarin Daji Ba Ya Raba Cuta da Cuta: Razana da Tangarɗar Aikin Jijiyoyi a Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara

Tsakure

Maƙalar ta dubi alaƙar da ke tsakanin mummunar razana da wasu alamomi masu kama da na cutar jijiya: faɗuwa irin ta farfaɗiya, mutuwar ƙafa ko hannu, karkarwa, ɗaukewar magana ko ta gani, alhali ƙwaƙwalwa da laka ba su sami raunin da gwaji ke nunawa ba. An ɗauki Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara a matsayin fagen nazari saboda shekarun da suka shafe cikin rikicin 'yan bindiga. Matsayar maƙalar ita ce alaƙar tabbatacciya ce, amma a inda kusan kowane gida ke da labarin hari, jin labarin ba zai gaya wa ma'aikacin lafiya cutar da ke gabansa ba. Da alamomin jiki ake gane larurar. Labarin kuwa amfaninsa na wajen magani, a ranar da mai shi ya ga dama ya faɗa.

1. Fage



Sabuwa tana can ƙuryar kudu maso yammacin Jihar Katsina, ta yi iyaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Faskari da Ƙanƙara kuwa sun jingina da Zamfara. Su ukun mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma ƙasar noma ce ta gaske, ta masara da dawa da waken suya da auduga, waɗanda kasuwannin Ɗandume da Funtuwa ke kwashewa. Dazuzzukan da suka kewaye su, da aka sani da kiwo da itace da farauta, su ne suka koma mafakar 'yan bindiga.

Ranaku kaɗan sun isa su nuna girman al'amarin. Ranar 9 ga Yunin 2020 an kashe gomman mutane a Kadisau ta Faskari. Daren 11 ga Disamban shekarar aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka kora su daji a ƙafa, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. Sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla a 2019 bai yi ƙarko ba. A 2021 aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Abin da bai cika shiga ba shi ne na yau da gobe: kwana a gona saboda an ji ƙishin-ƙishin za su shigo, sayar da gonar gado don haɗa kuɗin fansa, biyan haraji kafin shuka da kafin girbi, zargin maƙwabci da zama infoma, da matan da suka dawo daga daji da abin da ko uwar da ta haife su ba za su gaya wa ba.

Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019, ya ƙiyasta cewa a wuraren da ake rikici kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga matsananciyar damuwa har zuwa taɓin hankali. Maƙalar nan ta tsaya ne kan wani reshe da ba a cika lissafawa ba, domin ba ya zuwa asibiti da sunan damuwa. Ciccifar mai shi ake yi a kawo shi, ƙafa ta ƙi taka ƙasa, ko baki ya ƙi magana.

2. Larurar kanta

Likitoci a yau suna taƙaita sunanta da FND. A nan zan kira ta tangarɗar aikin jijiyoyi, ko tangarɗa a taƙaice. Ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi suna nan yadda suke, amma yadda suke aika saƙo da karɓarsa ya rikice. Mutumin Sabuwa da ya ga watannin ƙarshe na 2021 ba zai sha wahalar fahimta ba: wayarsa lafiya lau, caji a cike, da kati a ciki, amma kira ba ya tafiya. Kai ta wurin mai gyara ya buɗe, ba zai ga abin da ya ƙone ba, kuma wannan bai sa kiran ya tafi ba.

Kamanninta suna da yawa. Akwai faɗuwa da jijjiga ko suma mai tsawo. Akwai mutuwar ƙafa ɗaya ko ɓarin jiki, mai kama da shanyewar ɓarin jiki ta masu hawan jini. Akwai karkarwa, murɗewar ƙafa ko hannu, tafiya da tangaɗi, dishewar murya ko ɗaukewarta baki ɗaya, da dushewar gani. Ta fi kama mata, musamman nau'in faɗuwa, inda wajen kashi uku cikin huɗu mata ne, amma maza da yara ba su tsira ba.

Ba baƙuwar cuta ba ce. A yankin Sikotland na Birtaniya, Jon Stone da abokan aikinsa sun bi sababbin marasa lafiya 3,781 da aka tura wa likitocin jijiya, suka ruwaito a 2010 cewa wajen kashi 16 cikin 100 irin waɗannan alamomi suka kawo su. Ciwon kai kaɗai ya fi su yawa. Ba kuma cutar wasa ba ce: wani bincike a Ostiraliya a 2020 ya gano cewa mace-mace a tsakanin masu faɗuwar tangarɗa ya ninka na sauran jama'a sau biyu da rabi. Sai abin da ya fi komai muhimmanci ga ma'aikacinmu: mai tangarɗa ba ƙarya yake yi ba, ba kuma shagwaɓa ba ce. Ƙafar da ya ce ba ta jin maganarsa, hakika ba ta ji.

3. Me hujja ta ce game da razana?

Tun 1859 likitan Faransa Paul Briquet ya wallafa nazarinsa kan marasa lafiya 430, ya lura da yawan waɗanda suka sha duka, ko tsoro, ko rashin wani nasu. Jean-Martin Charcot ya ci gaba da aikin a asibitin Salpêtrière, inda ya nuna cewa maza ma'aikata da suka tsira daga haɗari kan sami irin wannan mutuwar jiki. Pierre Janet ya bayyana ta a matsayin rabuwa, wato wani sashe na ji da motsi da tunawa ya kuɓuce wa ikon mai shi. Breuer da Freud a 1895 suka ce damuwar da aka danne ce ke rikiɗa ta fito a jiki, kuma wannan ra'ayi shi ya mamaye ƙarni guda.

Yaƙi ya kawo shaidar da ba ta musantuwa. A 1915 Charles Myers ya bayyana sojojin Birtaniya da suka dawo daga ramukan yaƙi suna karkarwa, wasu bebaye, wasu makafi, babu rauni a jikinsu. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare an lissafa irinsu wajen 80,000. A shekarun 1980 kuma, a garin Long Beach na Kalifoniya, Gretchen Van Boemel da Patricia Rozée sun ci karo da matan Kambodiya masu yawa da suka tsira daga kisan gillar Khmer Rouge, ganinsu ya dushe ko ya ɗauke, alhali gwajin ido bai nuna illar da za ta bayyana hakan ba. Da yawansu a gabansu aka kashe mazajensu ko 'ya'yansu.

Alƙaluman da suka fi ƙarfi sun zo ne a 2018, lokacin da Lea Ludwig da abokan aikinta suka tattara bincike 34 da suka ƙunshi masu tangarɗa 1,405. Kashi 49 cikin 100 na masu larurar sun ce sun tashi cikin rashin kulawa da rashin jin ɗumin iyaye, alhali a waɗanda aka gwada su da su kashi 20 ne. Duka da azabtarwa: 30 da 12. Cin zarafi ta hanyar lalata: 24 da 10. Wani mummunan al'amari gab da farawar ciwon shi ma ya fi yawa a wurinsu. Alaƙar dai ta tabbata.

Amma a sake duba alƙaluman ta ɗaya fuskar. Idan 24 aka yi wa lalata, 76 ba su ce an yi musu ba. A cikin binciken akwai marasa lafiyar da aka tona aka tona ba a sami komai ba, kuma mafi yawan mutanen da suka ga bala'i a duniya ba su taɓa samun tangarɗa ba. Saboda haka ne kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, a bugunsa na biyar na 2013, ya cire sharaɗin cewa sai an gano wata damuwa kafin a ce tangarɗa ce. Razana tana ƙara haɗarin kamuwa, amma ba kowane mai ciwon ne ya bi ta ƙofarta ba. Wata lura da ta dace da yankinmu: rashin kulawa a ƙuruciya ya fi lalata ƙarfin alaƙa a wannan nazari. Mu tuna da marayun da rikicin ya bari, da yaran da ke hannun uwar da ita ma ba ta cikin hayyacinta.

4. Ta yaya tsoro ke shiga ƙafa?

Ƙwaƙwalwa ba jira take yi jiki ya kawo mata labari ba. Kullum tana hasashen abin da za ta ji da yadda gaɓa za ta motsa, sannan ta gwada hasashen da abin da ya iso. Mark Edwards da abokansa sun yi bayani a 2012 cewa a tangarɗa hasashen ne ke yin ƙarfi har ya danne saƙon gaskiya, musamman idan hankali ya tattara kacokan kan gaɓar. Ƙwaƙwalwar da ta yanke cewa ƙafa ta mutu, sai ta samar da ƙafar da ta mutu. Hotunan ƙwaƙwalwa da Valerie Voon ta nazarta a 2010 sun nuna cewa a masu larurar, sashen da ke kula da tsoro yana da alaƙa fiye da ƙima da sashen da ke shirya motsi, sannan sashen da ke sa mutum ya ji cewa shi ya motsa hannunsa yana yin rauni. Wannan ya bayyana abin da marasa lafiya ke faɗa: jikin nawa ne, amma ba ni ke yi ba.

Akwai kuma abin da duk wanda ya taɓa ɓoyewa a cikin dawa yana jin ƙarar babura ya sani. Idan gudu ba zai yiwu ba, faɗa ba zai yiwu ba, jiki ƙamewa yake yi. Murya ta ɗauke, gwiwa ta saki, mutum ya ji kamar mafarki yake, ko kamar daga nesa yake kallon kansa. A wannan sa'a abin kariya ne. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa tana koyo, sai ta riƙa maimaita shi a inda babu haɗari: ƙarar salansar babur, ƙaurin hayaƙi, bugun ƙofa da dare, wani lokaci ma ba tare da wani dalilin da mai shi zai iya nunawa ba.

Sau da yawa wani abu na jiki ne ke tayar da ciwon: targaɗe wajen gudu, zazzaɓi, suma ta gaske, ciwon kai mai tsanani. Razanar ta share fage, targaɗen ya zaɓi ƙafar. Daga nan abin da ke riƙe ciwon ya karɓa, wato kwanciya wata da watanni, rashin barci, tsoron dangi, da yawo daga kemis zuwa asibiti zuwa gidan mai magani, kowa da nasa sunan cutar. Galibin binciken da na ambata an yi shi ne kan mutanen da haɗarinsu ya wuce. Mutumin Sabuwa kuwa zai bar asibiti ya koma ya kwana da kunne ɗaya a buɗe, kuma ba za a ce da shi ya yi kuskure ba.

5. Tarkon da ke gaban ma'aikacin lafiya

Nan ne zuciyar maƙalar. Mu ƙaddara an kawo budurwa asibitin karkara tana faɗuwa tun bayan da aka fanso ta. Ma'aikacin da ya saurari sashen da ya gabata zai ce ai magana ta ƙare, razana ce. Ina roƙon ya dakata. Mai farfaɗiya da mai sanƙarau da mai zazzaɓin cizon sauron da ya hau kai, duk a gari ɗaya suka kwana daren harin. Tambayi kowannensu ko ya ga tashin hankali, zai ce ya gani. Tambayar da kowa ke amsawa da i, ba ta tace kowa.

Abin ya wuce nan. Rikicin da kansa yana haifar da cututtukan jijiya na zahiri. Dukan gindin bindiga a ka na iya barin tabo a ƙwaƙwalwa ya zama farfaɗiya bayan watanni. Ɗaurin igiya ko sarƙa na kwanaki na iya danne jijiya, ƙafa ko hannu ya saki. Harsashi ko faɗuwa daga babur na iya taɓa laka. Mai farfaɗiyar da ya gudu ya bar maganinsa, ga rashin barci, faɗuwarsa za ta dawo. Mai cikin da hanya ta hana ta zuwa awo tana iya zuwa da jijjigar masu ciki. Yunwa tana sauke sukarin jini, tiramadol yana kawo jijjiga, yaro mai sikila yana iya samun shanyewar ɓarin jiki. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ƙa'idar sa ido kan shan-inna ta wajabta a kai rahotonsa a ɗebi bayan gidansa sau biyu, ko da kowa a ɗakin ya yi imanin tsoro ne. Kuma mutum ɗaya na iya haɗa farfaɗiya da faɗuwar tangarɗa.

To da me za a gane? Ba da labari ba, ba kuma da cewa gwaji bai nuna komai ba. Da alamomin da larurar ke nunawa da kanta, kuma yawancinsu ba sa bukatar na'ura.

Ga ƙafar da ta mutu akwai gwajin da Charles Hoover ya bayyana a 1908. Mara lafiya na zaune, ka sa hannu ƙarƙashin cinyar da ke ciwo ka ce ya danna ƙasa, za ka ji babu ƙarfi. Sai ka ce ya ɗaga lafiyayyar ƙafar kana danne ta. Yayin da hankalinsa ya koma can, ƙafar da ta mutu za ta danna hannunka da cikakken ƙarfi. Hanyar tana nan a buɗe, umarnin ganganci ne ke maƙalewa. Ga karkarwa, sa shi ya riƙa buga yatsun ɗaya hannun da wani kari da kai ka ba shi. Karkarwar tangarɗa kan tsaya, ko ta bi karin, ko ta rikice.

Faɗuwa ta fi wuya. A farfaɗiya mai jijjigar jiki duka, ido yawanci a buɗe yake, abin ba ya cika wuce minti biyu, ana iya cizon gefen harshe, bayansa kuma sai minshari da ruɗewa. A ta tangarɗa ido kan kasance a rufe, har yana ƙin buɗuwa idan an taɓa, abin yakan daɗe, ya lafa ya taso, kai na juyawa dama da hagu, wani lokaci da kuka, wani kuma yana jin abin da ake faɗa a kansa. Babu ɗaya daga ciki da ta isa ita kaɗai. Fitsari a wando ko rauni wajen faɗuwa ba sa raba su. Wayar da ke aljihun ɗan'uwa tana da amfani a nan, domin wani bincike a Amurka a 2020 ya nuna cewa bidiyon waya, idan aka haɗa shi da bayani da duba mara lafiya, yana ƙara wa ƙwararru daidaiton ganewa. Sai dai da yardar mai shi, a suturta ta, kuma kada ya bar hannun iyali da likita.

Wasu likitoci har yanzu suna ɗari-ɗari da furta wannan suna saboda gargaɗin Eliot Slater na 1965, wanda ya ce da yawan waɗanda aka ba shi daga baya wata cuta ce ta bayyana. Bitar da Stone ya yi a 2005 ta nuna cewa tun daga 1970 kuskuren bai wuce wajen kashi 4 cikin 100 ba. A lura, wannan a hannun ƙwararru ne masu kayan aiki. Kuskure ta ɗaya ɓangaren ma yana da tsada: ana ɗirka wa mai faɗuwar tangarɗa allurar barci ɗaya bayan ɗaya har numfashinta ya yi rauni, ko a ɗora ta shekaru kan maganin farfaɗiyar da ba ya mata komai, wani ma yana illata ɗan tayi, ga sunan farfaɗiya da zai bi ta har wajen neman aure.

6. Iska, malam da asibiti

Kafin a zo asibiti an riga an sa wa ciwon suna a gida: iska, shafar aljanu, sammu. Murray Last, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, ya nuna a 1981 cewa mutane ba su cika ɗaure kansu ga tsarin magani ɗaya ba, suna gwada wanda ya samu, abin da ya dame su shi ne a sami sauƙi. A ƙarshen 1995 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandaren Kano sun riƙa faɗuwa da rawar jiki, aka danganta abin da wata aljana, Sumbuka. Conerly Casey da Susan O'Brien sun rubuta a kai, kamar yadda Adeline Masquelier ta rubuta kan irinsa a makarantun Nijar. Likitanci yana kallon irin wannan a matsayin 'yar'uwar tangarɗa da ke yaɗuwa ta gani da ji a tsakanin masu zama ɗaya cikin matsi ɗaya. Makarantun da aka sake buɗewa bayan hari, da gine-ginen da 'yan gudun hijira ke cunkushe, wurare ne da ya kamata a sa wa ido.

Ba aikina ba ne a nan in yanke hukunci kan gaibu. Abin da nake so mu lura da shi shi ne dalilin da ya sa malam ke riƙe mara lafiyar da asibiti ya saki. Malam ya yarda cewa tana da ciwo. Ya yarda ba ita ke yi ba. Ya ba abin suna, ya zauna da ita, ya tara dangi a kanta, kuma bai tilasta mata faɗin abin da ya faru a daji ba. A asibiti kuwa, bayan an kashe kuɗin mota da na gwaji, abin da ake yawan ji shi ne “ba mu ga komai ba”, ko “ki rage tunani”. Ga iyali, ma'anar wannan ɗaya ce cikin biyu: ko ƙarya take yi, ko ba na asibiti ba ne. A gaskiyar magana, a kan cewa ba ita ke yi ba, malam ya fi wannan ma'aikacin kusa da abin da binciken Voon ya nuna.

Inda za a ja layi a fili yake: duka da sunan korar aljani, shaƙa hayaƙin barkono, ɗaure mutum, hana shi abinci, da riƙe mai sanƙarau ko mai jijjigar ciki har lokaci ya ƙure. Gidajen marin da aka fasa a Kaduna da Daura da Katsina a 2019 sun nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Likitanci ma ba shi da bakin yin fariya, tunda a 1918 akwai likitocin Landan da ke jona wa bebayen sojoji lantarki a maƙogwaro. Akwai kuma illar da ba a lura da ita: zama na sa'o'i ana jiran mara lafiya ta faɗi a gaban jama'a yana ƙara tattara hankalinta kan faɗuwar. Malamai sun fi ni sanin hadisin matar nan mai faɗuwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas. Abin da ta nema a ƙarshe shi ne kada jikinta ya riƙa buɗewa. Sutura da keɓewa hakkin mai faɗuwa ne, a zaure ko a asibiti.

Haɗin gwiwa ba mafarki ba ne. Thomas Adeoye Lambo ya gwada shi a Aro ta Abeokuta tun 1954. Gwajin da Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa masu taɓin hankalin da masu maganin gargajiya da na addini suka kula da su tare da ma'aikatan lafiya na matakin farko sun fi samun sauƙi. Ba kan tangarɗa aka yi shi ba, amma tsarin zai ɗauku.

7. Abin da za a iya yi da abin da ke hannu

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta kai ƙwararre Sabuwa gobe ba. Aikin na ma'aikacin lafiya na karkara ne, da nas, da ungozoma.

Maganin farko shi ne bayani. A faɗa wa mara lafiya da waliyyinta: ciwon gaskiya ne, yana da suna, muna ganinsa, ba ke kika jawo ba, kuma ana warkewa. A nuna musu gwajin Hoover da idonsu, ba don kama ta da ƙarya ba, sai don su ga ƙarfin yana nan. A koya wa iyali abin yi idan ta faɗi: a kwantar da ita ta gefe, a kau da wuta da ruwa, a rage taro, kada a danne ta, kada a cusa cokali a baki, a riƙa yi mata magana a hankali. Mai mutuwar ƙafa a tashe shi da wuri, a sa shi motsin da ke kau da hankali daga ƙafar, kamar taku da ƙirga ko tafiya da baya. A mayar da yarinya makaranta, magidanci ya koma ƙaramin aiki.

Kada mu yi alkawarin da hujja ba ta ɗauka ba. Babban gwajin da aka yi a Birtaniya kan mutum 368 masu faɗuwar tangarɗa, wanda aka buga a 2020, bai nuna cewa maganin tattaunawa ya rage yawan faɗuwa bayan shekara fiye da kulawar ƙwararru kaɗai ba, ko da yake waɗanda suka samu sun fi jin sauƙi da iya tafiyar da rayuwarsu. Sauƙi yana samuwa, amma a hankali, kuma wanda aka gane nasa da wuri ya fi dacewa.

Game da labarin daji, a buɗe ƙofa sau ɗaya, a keɓe, mace ga mace, ba a gaban miji ko suruka ba: “Idan akwai abin da kike so ki faɗa, yau ko wata rana, muna nan.” Idan ta yi shiru, a ci gaba da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan zaunar da wanda ya tsira a sa shi ya zayyana abin da ya faru a zama ɗaya, haka kuma ta yi gargaɗi kan ba shi ƙwayoyin barci irin su diyazefam don razana. Wadda ta ce an yi mata fyaɗe tana bukatar gwaji da rigakafi cikin gaggawa, da sirrin da ba zai fita ɗakin ba. Ga masu damuwa mai nauyi akwai tsarin zama biyar da hukumar ta fitar a 2016, wanda waɗanda ba likitoci ba ke iya gudanarwa bayan horo, kuma an gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya.

Shawarata ga hukumar lafiya matakin farko ta jiha ita ce a buɗe rajista a manyan cibiyoyin ƙananan hukumomin uku, a riƙa rubuta alamar da aka gani, gwajin da aka yi, maganin da aka riga aka sha, da halin mara lafiya bayan wata uku da wata shida. Kada a sa gurbin da ke tilasta rubuta abin da aka yi wa mutum a daji. A kuma manna jerin waɗanda ba a jinkirta tura su gaba: mai zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, mai ciki ko mai jego, wanda aka daka a ka, wanda fitsari ko bayan gida ya ƙwace masa tare da mutuwar ƙafafu, mai faɗuwa cikin barci, dattijo mai hawan jini, da duk wanda ya ambaci kashe kansa. Matakin farko Babban Asibitin Funtuwa ne. Daga nan mutumin Sabuwa ya fi kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika fiye da na Tarayya da ke birnin Katsina, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Wanda aka tura gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa a gaya masa tun daga gida cewa sakamako mai kyau ba ya kore farfaɗiya, don haka ya tafi da bidiyon, da wanda ya ga faɗuwar da idonsa.